Ba kowane jini ne basir ba

Ranar kasuwa, ko a Tudun Wada ko a Kwanar Ɗangora, tun kafin ka sauka daga mota lasifikar mai maganin basir za ta tarye ka. Ya haddace jerinsa kamar karatu: basir mai tsiro, basir mai jini, mai sa kasala, mai hana zama, mai kashe ƙarfin namiji. Jarkoki jere a bayan mota, wani jiƙon ja wur, wani baƙi ƙirin, ana ɗura wa mutane a tsofaffin robobin ruwa. Dattijo zai matso ya raɗa masa magana a kunne, shi kuma ya gyaɗa kai tun kafin a ƙarasa, domin a wurinsa amsar ɗaya ce. Ban taɓa jin ya ce wa wani, "Wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti" ba.

A ƙasarmu jinin da ke fita ta bayan gida suna biyu kawai muka ba shi. In ya zo ba gudawa, basir ne. In ya zo da murɗar ciki da majina, atini ne. Sunayen ba ƙarya ba ne, yawancin lokaci ma su ne gaskiyar. Amma akwai wata cuta ta uku da ke shigowa cikin rigar waɗannan biyun, ta yi wata da watanni tana cin mutum, har ranar da jini zai ɓalle a rasa inda za a tare shi. Likitoci suna kiranta daɗaɗɗen kumburin hanji, wato kumburin da ba ya warkewa da maganin ƙwayoyin cuta, sai dai ya lafa ya sake tashi.

Na san ta ne ta kan ɗan ƙanwar mahaifiyata, wani tela da bai kai shekara talatin ba a lokacin. Da damina abin ya fara masa: gudawa da majina da ɗigon jini. Ya je kemis aka ba shi Flagyl, ya ɗan ji dama, bayan sati uku ta dawo. Aka sake ba shi, aka haɗa da wani maganin tsayar da gudawa. Da ta sake dawowa sai gida suka yanke hukunci cewa basir ne ya yi masa yawa saboda zaman keken ɗinki, aka shiga jiƙo da hayaƙi. Wata bakwai ana haka. Wandonsa ya yi masa yawa, leɓɓansa suka yi fari fat, in ya hau ɗan tudun da ke ƙofar masallaci sai ya tsaya ya huta. Sannan gwiwoyinsa da idon sawunsa suka fara ciwo, mai kemis ya ba shi maganin ciwon jiki irin wanda manoma ke sha bayan sun dawo daga gona, yana sha safe da yamma. Kwana tara da fara shan wannan, cikin dare ɗaya ya zaga bayi ya fi sau goma, kuma abin da ke fita ba bayan gida ba ne, jini ne da gudaji. Da asuba aka tsince shi a ƙofar bayi, jikinsa sanyi ƙalau, gumi na keto masa. Na iso na tarar innarsa tana cewa, "Ai basir ɗin nasa ne ya motsa, bari a kawo jiƙon." Yayansa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ya wuce jiƙo." Leda uku ta jini aka ƙara masa kafin ya iya ɗaga kai. Bayan mako biyu, a wani babban asibiti a birni, aka zura masa na'urar leƙa hanji, aka ga babban hanjinsa tun daga dubura har can sama ya yi ja jawur, ya saɓule kamar fatar da ruwan zafi ya ƙona, ko'ina aka taɓa sai jini. Basir kuwa ko ɗaya ba a gani ba.

Cutar gida biyu ce. Akwai gyambon babban hanji, wanda wani likitan Landan, Samuel Wilks, ya bayyana a 1859. Shi daga dubura yake farawa ya yi sama ba tare da tsallake ba, kuma fatar ciki kawai yake ci, ba ya nutsawa can cikin naman hanji. Shi ne ya kama ɗan uwan nawa. Sai cutar Crohn, wadda ta samo suna daga Burrill Crohn, likitan da shi da abokan aikinsa biyu suka yi bayaninta a birnin Niyok a 1932. Ita ba ta da iyaka, tun daga baki har dubura ko'ina tana iya sauka, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji inda yake haɗuwa da babba. Tana tsallake-tsallake, nan ciwo, nan lafiya, kuma gyambonta mai zurfi ne, yana iya huda hanji ya ɓulla wani wuri. Duka biyun ba ƙwayar cuta ce ke kawo su kai tsaye ba, ba a kuma ɗaukarsu daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta far wa hanjinsa, kamar karen da aka ajiye don ɓarawo ya koma cizon 'yan gida. Akwai hannun gado a ciki, akwai na ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin hanjin kowa, akwai na abinci da yanayin rayuwa. Shi ya sa ciwon ba ya tsayawa a ciki kaɗai: gaɓoɓi su yi ciwo, ido ya yi ja, baki ya yi ƙuraje, wani lokaci ƙafa ta fitar da gyambo. Ciwon gwiwar telan nan ba na keke ba ne, reshen cutar ne, kuma maganin da aka ba shi dominsa shi ne ya ƙara hura wutar.

Jinin yana fita ta hanya biyu, kuma ta farkon ce ta fi yawa, ita ce kuma aka fi rainawa. Kullum ɗan kaɗan, cokali ɗaya yau, biyu gobe. Jiki yana ƙoƙarin mayar da abin da ya zuba har sinadarin ƙarfen da yake haɗa jini da shi ya ƙare. Mutum na yawo, yana aiki, amma jininsa ya koma rabin na mai lafiya. Ta biyun ita ce ɓallewa. A gyambon babban hanji, yakan zama duk fatar hanjin ce ke tsattsafo da jini lokaci guda, kamar bangon da ruwa ya jiƙa, babu wani wuri ɗaya da za a ce ga ɓular. A cutar Crohn kuwa gyambo ne mai zurfi yake ci har ya kai ga jijiyar jini ya huda ta, sai jini ya tsinke ba zato, wani lokaci ga mutumin da cikinsa bai ma dame shi ba a 'yan kwanakin. Irin wannan zubar mai kai mutum ga halaka ba ta da yawa. Cikin masu cutar, waɗanda take faruwa gare su ba su kai ɗaya cikin goma ba. Amma a wurinmu haɗarinta ya ninka, domin tana samun mutum ne bayan hanyar farko ta riga ta tatse shi. Babban mutum jinin jikinsa kusan lita biyar ne. Mai lafiya zai iya rasa rabin lita ya tashi ya tafi gida, abin da mai ba da jini ke bayarwa ke nan. Wanda ya yi wata bakwai yana ɗiga ba shi da wannan rarar.

Launin jinin yana ba da labarin inda ya fito. Ja mai haske da ke ɗiga bayan an gama, ko a gan shi a jikin bayan gida mai tauri, ya fi kama da basir ko tsagewar dubura. Wanda ya cakuɗe da gudawa da majina daga babban hanji yake. Baƙi mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, daga sama ya gangaro, daga tumbi ko farkon hanji, ya narke a hanya. Wannan galibi gyambon ciki ne ko jijiyoyin maƙoshi da ciwon hanta ya kumbura. Sai dai mai shan ƙwayar ƙarin jini shi ma bayan gidansa yakan yi baƙi, kada a tsorata da wannan. Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne halin da mutumin yake ciki. In ya miƙe jiri ya ɗebe shi, in zuciyarsa na bugawa da sauri alhali yana kwance, in tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, in hannu da ƙafa sun yi sanyi, in fitsari ya ɗauke, in ya fara sambatu, to jini ya yi ƙasa har jiki ya fara rufe wasu sassa don ya ceci ƙwaƙwalwa. Matashi mai ƙarfi yakan yaudari mutane a nan, domin awon hawan jininsa zai iya nuna daidai har sai ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan ya rushe gaba ɗaya.

Dole a yi wa ma'aikatan lafiyarmu adalci. Jami'in da ke ƙaramin asibiti a Kiru ko Bebeji, in aka kawo masa mai gudawar jini ya ce atini ne, a mafi yawan lokuta ya yi daidai. Ruwan shanmu da bayinmu sun isa su kawo atini iri biyu, na ƙwayar amiba da na bakteriya. Ga taifot, wanda a mako na uku yakan ci ƙarshen ƙaramin hanji ya sa shi zubar da jini ko ya huda shi, daidai wurin da cutar Crohn ta fi so. Ga tarin fuka na hanji, shi ma a wannan lungun yake zama, kuma ko ƙwararru a manyan asibitocin duniya suna shan wahalar bambance shi da Crohn. Sannan ga ruwa. Madatsar Tiga da aka gina tsakanin 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta kawo noman rani da kifi da arziki, ta kuma shimfiɗa wa dodon koɗi mai yaɗa tsargiya gida. Mu tsargiyar fitsari muka sani, wadda yara ke fitsarin jini. Akwai 'yar uwarta ta hanji, mai sa bayan gida da jini, wadda in ta daɗe takan taurara hanta, ta kumbura saifa, har mutum ya wayi gari yana aman jini. Masunci ko manomin shinkafa da ya wuni cikin ruwa, in ya zo da jini a bayan gida, wannan za a fara nema. Wanda ya haura shekara arba'in da biyar kuwa, ga rama, ga canjin yadda yake bayan gida, dole a kawo zancen dajin hanji.

Wannan cunkoson shi ya sa kuskure yake da kaifi biyu. In aka ɗauki kumburin hanji a matsayin atini, za a yi ta zuba masa Flagyl yana ƙarewa. In kuma aka ɗauki atinin amiba a matsayin kumburin hanji aka ba shi magungunan danne garkuwar jiki, amibar za ta samu sake ta cinye hanjin cikin 'yan kwanaki. Haka tarin fuka, in aka danne garkuwa sai ya bazu. Don haka kada wani ya karanta wannan ya je kemis ya sayi firednisolon, wanda ake sayarwa kamar gyaɗa har 'yan mata na sha don su yi ƙiba. Hanyar da ta dace a bayyane take: a duba bayan gida a ɗakin gwaji, a ba da maganin abin da aka gani, a jira. In jini ya dawo bayan an yi magani yadda ya kamata, ko ya wuce wata guda bai tsaya ba, to zancen zato ya ƙare, sai a leƙa. Gani ya kori ji. Na'urar kolonoskofi wata siririyar tiyo ce mai fitila da kyamara a baki, ana zura ta ta dubura, a ga hanjin ido da ido, a gutsuro ɗan nama a kai a duba. Na san maza da yawa da suka ce gara mutuwa da wannan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma akan ba da maganin da ke sa mutum gyangyaɗi, kafin ya farga an gama.

An daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci cewa wannan cutar Turawa ce, baƙar fata ba ya yin ta. Gaskiya ne ta fi yawa a Turai da Amurka ta Arewa, kuma wani babban ƙiyasi na duniya ya nuna masu ɗauke da ita sun kusa miliyan bakwai a 2017. Amma a 'yan shekarun nan an ga tana hauhawa a Indiya da Sin da Kudancin Amurka, duk inda birane suka bunƙasa, abinci ya canja. A 2011 wasu likitocin tiyata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, suka wallafa rahoto kan 'yan marasa lafiyar da suka gani da ita, kuma kan rahoton nasu tambaya ce: shin har yanzu cutar ba ta da yawa a tsakanin 'yan Najeriya? Ni dai ina ganin tambayar ta fi amsa ƙarfi. Cutar da ba a gane ta sai da kyamara, a yankin da kyamarar ke Kano ko Shika, dole ta yi ƙaranci a takarda. Wanda ya rasu a ƙauye bayan shekara guda yana gudawar jini, abin da za a faɗa a wurin zaman makoki shi ne ciwon ciki ne, ko basir ne ya ci ƙarfinsa, ko kuma a sassauta murya a ce sammu.

In an kai mai zubar jini asibiti, aikin farko ba neman sunan cutar ba ne. A sa masa allurar ruwa mai faɗi, a hannu biyu in da hali, a ɗebi jini a auna, a nemi rukuninsa. Dangi sukan matsa a cika wa mara lafiya jini har ya koma daidai, amma binciken da aka yi ya nuna ba a bukatar haka. Ga mafi yawan mutane akan fara ƙarin jini ne in awon himogulobin ya sauka ƙasa da 7, sai fa in jinin na zuba a gaban ido ko mutum na da ciwon zuciya. Akwai kuma wata allurar tsayar da jini, taranekzamik, wadda ke ceton mata masu zubar jini bayan haihuwa, aka yi zaton za ta yi aiki a nan ma. An gwada ta a kan mutum kusan dubu goma sha biyu a ƙasashe 15, har da asibitocin Najeriya, aka fitar da sakamako a 2020: ba ta rage mutuwa a zubar jinin ciki da hanji ba, sai ma ta ƙara daskarewar jini a jijiyoyi. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, mai kumburin hanji da aka kwantar, ko da yana ganin jini a bayan gida, sau da yawa likita zai yi masa allurar hana jini daskarewa. Ba kuskure ba ne. Kumburin kan sa jini ya yi gudaji a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, kuma wannan na kisa. Sai in zubar ta yi tsanani ake dakatar da ita.

Ainihin tsayar da jinin shi ne kashe wutar kumburin. A 1955 wasu likitoci biyu na Okisfod a Ingila, Truelove da Witts, suka nuna cewa maganin kotizon yana ceton masu gyambon babban hanji, suka kuma bar ma'aunin da ake aiki da shi har gobe: wanda ke zaga bayi da jini sau shida ko fiye a rana, tare da zazzaɓi, ko bugun zuciya sama da 90, ko ƙarancin jini, ciwonsa mai tsanani ne, gado yake bukata ba ƙwaya a gida ba. Ma'aunin nan ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Ƙirga da agogo da ma'aunin zafi sun isa, ko a ɗakin shan magani na ƙauye. Akan ba da maganin ta jijiya, a zuba ido kwana uku. Kusan biyu cikin uku sukan samu sauƙi. Wanda bai samu ba, a ƙasashen da ke da hali akan koma ga magunguna masu ƙarfi irin su infiliksimab, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1998. A nan kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, samunsa ma aiki ne, kuma dole a tabbatar babu tarin fuka ko ciwon hanta a ɓoye kafin a taɓa shi. Ga mai cutar Crohn da jijiya ɗaya ta ɓalle, akan iya ɗaure wurin ta cikin na'urar leƙawa, ko a bi ta jijiya a toshe ta, ko a yanke guntun hanjin da ya lalace, ko da yake takan sake ɓallewa a wani wurin.

In duk an yi jini bai tsaya ba, ko hanjin ya kumbura ya daina motsi yana shirin fashewa, sai tiyata: a cire babban hanjin, a fito da bakin ƙaramin ta gefen ciki, a manna jaka. Nan ne iyalai da yawa suke ja da baya, a ce a ba su dare ɗaya su yi shawara, daren ya zama uku, mara lafiya ya wuce lokacin da tiyatar za ta amfane shi. Tsoronsu ba na banza ba ne. Yaya zai yi alwala? Zai shiga sahu? Wa zai aure ta? Malaman fiƙihu suna da babi a kan mai lalurar da ba ta yankewa, kuma sun sauƙaƙa masa. A tambaye su tun kafin a shiga wannan halin. Jakar ma ba lallai ta zauna har abada ba, sau da yawa akan sake aiki daga baya a mayar da hanya. Masu kallon ƙwallo za su tuna Darren Fletcher na Manchester United, wanda ya bayyana cewa yana da cutar a 2011, aka yi masa tiyata a 2013, ya dawo fili ya ci gaba da buga wasa shekaru. Shinzo Abe na Japan kuwa sau biyu tana sauke shi daga kujerar firaminista, a 2007 da 2020. In ta iya da mai mulkin Japan, babu abin kunya don ta kama tela.

Abin da ya fi damuna ba magani mai tsada ba ne, hanya ce da jini. Wanda jini ya ɓalle masa a Riruwai da tsakar dare, kafin ya ga likitan hanji sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fito Kwanar Ɗangora, sannan ya zaɓa: dama zuwa Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, ko hagu zuwa Shika. Tafiyar sa'o'i ce, a bayan motar haya, ba ruwa a hannu. Shawarata ita ce kada a wuce babban asibiti mafi kusa don ana sauri zuwa birni. A tsaya a sa ruwa, a ƙara jini in akwai, a karɓi takardar turawa, sannan a ci gaba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Amma doka ba ta zama leda a firji. Har yanzu mafi yawan jinin da ake ƙara wa mutane a asibitocinmu na dangi ne, kawo mutum a ba ka leda. Asubar da muka kai ɗan uwana, mu biyar muka je. Ɗaya jininsa bai kai ba, ɗaya gwaji ya nuna ciwon hanta bai ma sani ba, ɗaya ya ce zai je ya yi fitsari, ba mu sake ganinsa ba sai da rana ta fito. Har yau akwai masu cewa wanda ya ba da jini ba ya komawa daidai. Ruwan jinin cikin kwana ɗaya ko biyu yake dawowa, ƙwayoyinsa cikin 'yan makonni.

Bayan an tsallake, sai doguwar tafiya. Ba a warkewa daga cutar da ƙwaya, amma ana kwantar da ita shekara da shekaru. Akwai tsohon magani, salfasalazin, wanda wata likita 'yar Suwidin, Nanna Svartz, ta samar tun wajen 1940, har yau yana aiki kuma ya fi sauran sauƙin kuɗi. Akwai mesalazin, akwai azatayofirin. Matsalar ita ce mutum ya ji sauƙi ya ajiye, ko kuɗi su yanke, ko wani ya ce masa ai shan magani kullum shi ma ciwo ne. Yawancin masu dawowa asibiti jina-jina ta nan suka bi. Wanda ke da rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano ya bincika abin da tsarinsa ya ɗauke masa, ko gwaje-gwaje ne kawai an rage nauyi. Sai abubuwan da za a guje wa. Magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen da firoksikam, waɗanda ake haɗawa a ƙulla a leda a ce na gajiya ne, suna tayar da kumburin, su kuma ƙwarzane tumbi. Farasitamol ya fi aminci. Maganin tsayar da gudawa ga mai gudawar jini da zazzaɓi yana iya tsayar da hanjin gaba ɗaya. Taba tana tsananta cutar Crohn. Azumi kuwa, wanda ciwonsa ke kwance zai iya yi bayan ya yi shawara da likitansa, wanda yake zubar da jini Allah ya ɗauke masa. Wanda kuma ya kai shekara takwas da gyambon babban hanji, ya kamata a riƙa leƙa shi lokaci-lokaci, domin daɗewar kumburi tana ƙara haɗarin daji.

Telan nan yana nan, ya koma kan kekensa, ya yi aure, 'ya'yansa biyu. Yana shan ƙwayoyinsa kullum, kuma ya ajiye wani ƙaramin littafi a aljihun shago inda yake rubuta sau nawa ya zaga da ko ya ga jini, kamar yadda yake rubuta awon masu kawo ɗinki. Innarsa har yanzu in aka tambaye ta takan ce, "Basir ɗin nan nasa ne na Turawa." Ba ma yi mata gardama.

Idan naku ne ya faɗi, kada a tsaya jiƙo. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa komai in hankalinsa ya gushe. A kwashi kwalaye da ledojin duk magungunan da ya sha, har robar jiƙon, a ɗauki hoton abin da ya fita a waya don likita ya gani. Kuma a tafi da mutum huɗu ko biyar masu lafiya da za su iya ba da jini, domin ba duka ne za su tsallake gwaji ba.